Nusaiba Ba Ta Cin Abinci Ita Kaɗai

Assalamu alaikum, uwar Nusaiba.

Ina gaishe ki da gajiyar ɗaure kaya, ina gaida maigidanki, ina gaida surukarki Hajiya da duk mutanen gidanku na Gwarzo. Babanku ya ce Allah ya sa tashin nan naku zuwa Kabo ya zama na alheri, ya haɗa ku da maƙwabta nagari, ya tsare ku a hanya da bayan an sauka. Mu nan Lakwaya lafiya lau, sai ƙafar nan tawa da ta saba.

Kada ki yi mamakin ganin takarda daga wurina alhali ga waya. A waya in na fara magana sai in ji kina ta "To Inna, to Inna," na san hankalinki yana kan tukunya, ni kuma abin da na shirya faɗa sai ya gudu. Ido da ido kuwa kin san ba zan iya ba. Shi ya sa na ɗauko biro da ɗan bokon da na tsinta a ajin manya. Babanku zai miƙa miki ita in ya shigo kasuwa, ki karanta kafin ranar Asabar da za ku zo ɗaukar yarinyar.

Zancen ɗaya ne, cin abincin Nusaiba. Kin kawo mini ita yaye tana tafiya tangal-tangal, kika koma karatunki, yau ga shi za ki tafi da abarki ki saka ta a makaranta a can. Hakkinki ne, ban ce komai ba. Amma ke kin san ta ne a ranakun ziyara, ranar da ake yanka zakara, gida ya cika da mutane, ta ci ta yi nak. Ba ki san ta a ranar da gida yake shiru ba. In aka yi sake, wallahi sai ta koma yadda take a shekarar farko, lokacin da wuyanta ya yi siriri, gashinta ya yi ja, kika gan ta kika juya baya kina share ido da gefen mayafi. Abin da nake tsoro ke nan.

Na so in jero miki dokoki, yi kaza, bar kaza. Na zauna na rasa ta farko. Ni Hajara, da na raine ku har kuka haifi naku, yarinya ƙanƙanuwa ta rikita mini duk abin da na sani. Don haka zan gaya miki abin da na yi da abin da ya biyo baya, ke ki tace.

Da farko da ta ƙi koko, na yi abin da na iya. Na miƙe ƙafa, na kwantar da ita a cinya, na tara tafin hannuna a bakinta, na toshe hanci, na zuba. Ɗura dai, wadda aka yi mini, na yi muku ku duka. Ke har barci kike yi bayanta. Wannan kuwa ta ƙware, ta yi ta tari har idonta ya firfito, na ɗauka shi ke nan. Daga ranar ko ludayi ta hango a hannuna sai ta ruga bayan rumbu. Da na kai ta asibiti a Gwarzo, ma'aikaciyar ta naɗa mata wannan 'yar igiyar mai launi a dantse, ta tsaya a kan ruwan ɗorawa. Ta ce saura ƙiris tamowa ta kama ta. Ta tambaye ni yadda nake ba ta abinci, na faɗa mata gaskiya.

Ta ce, "Haba Inna! Ɗura kisa take yi fa. Kokon hanyar numfashi yake bi."

Na ce, "Yo 'yar nan, mu da aka yi wa, fatalwa ce mu?"

Ta ci gaba da rubutunta ta ce, "Waɗanda ba su tsira ba ai ba su zo sun ba ki labari ba, Inna."

Na goya ta muka je muka hau mota. To kada ki yi mata ɗura, ita da ƙannenta da Allah zai kawo. Wannan ɗaya na tabbata. Amma kada ki tambaye ni abin da za ki yi in yaro ya datse baki, don ma'aikaciyar cewa ta yi a lallashe ta, ni kuma na yi ta lallashi har koko ya huce ya yi fata a sama, kaji suka shanye.

Sai babanku ya shigo da tasa dabarar. Duk ranar kasuwa ya dawo da tsarabar biskit da lemon roba mai launi, ya ɗora a kan katanga inda za ta hanga, ya ce, "Amarya, ci tuwo, ga naki can." Ke dai bari. Yarinyar nan ta fi mu wayo. Ta gutsiri tuwo kamar na tsuntsu, ta ɓoye a kumatu, ta miƙa hannu ta karɓi biskit, ta zaga bayan ɗaki ta tofar. Kajina suka yi ƙiba, ita tana nan jiya i yau. Kuma ta koyi jira. In ta san gobe kasuwa ce, tun yau take rufe baki.

Na ce da shi ya daina. Ya ce, "Hajara, yarinya ba ta cin komai, ɗan abin da take ci kuma ki hana? So kike ta rayu da iska?" Har yau ban sami amsar da ta gamsar da ni ba, balle shi. Na dai ƙwace ledar na saka a ƙasan adaka, muka yi kwanaki gaisuwa ce kawai tsakaninmu. Abin da na fahimta shi ne, in aka mayar da alewa ladan cin tuwo, tuwo ya zama aikin wahala ke nan a wurin yaro. In za ki ba ta, ki ba ta haka kawai, jifa-jifa, bayan ta ci, ba da sharaɗi ba. Ku kuma daidaita bakinku ke da maigidanki a cikin ɗaki, don in ta gane ɗayanku yana da sauƙi, an gama.

Ma'aikaciyar nan ta lissafa mini abin da zan riƙa ba ta: wake, gyaɗa, zogale, nono, gwanda, ƙwai. Na ce ikon Allah, duk ga su a tsakar gidana, ni da nake zaton abincin gina jiki sai wanda ke cikin gwangwani a kanti. Sauran ban yi gardama ba, amma ƙwai ya tsaya mini. Gwaggo, mahaifiyar babanku, Allah ya jiƙanta, ta sha gaya mini cewa yaron da ya tashi da cin ƙwai ɓarawo yake zama. Shi ya sa ke ba ki san ɗanɗanonsa ba sai da kika girma. Duk da haka, da damina ta sauka na dafa mata na zabi, na ɓare na miƙa mata. Ta cinye tas, ta lashe yatsa.

Wata safiya na fito sai na gan ta durƙushe a bakin akurki, hannunta a ƙarƙashin kaza, ga ƙwai ta naɗe a siket. Na dafe ƙirji na ce, "Innalillahi! Gwaggo ta faɗa!" Babanku yana alwala, ya yi dariya har hularsa ta faɗi a ruwa. Ya ce, "Sata a gidan kakarta, da rana tsaka? Dubi inda ta nufa mana." Ai kuwa wurina ta taho, ta miƙo mini ta ce, "Inna, dafa." Ki ba ta ƙwai. Ya yi mata amfani, na gani da idona. Amma ba zan ɓoye miki ba, har gobe in ina ɓare mata sai na yi a'uziyya a zuciyata, ban san ko don Gwaggo ba ko don kaina.

Yanzu ga babban abin da ya ɗaure mini kai, shi ne kuma dalilin takardar nan.

A asibiti an ce in ware mata kwanonta ita kaɗai, don in san iyakar abin da ta ci. Magana ce mai hankali. Na samo mata ɗan kwano mai furanni, na shimfiɗa mata tabarma, na zauna gefe ina kallon bakinta. Sai ta gina ɗaki da tuwon, ta yi masa ƙofa, ta zuba miya ta ce rijiya ce. Ƙudaje su ci, ita ta tashi.

Rannan aka yi rasuwa a Gammo, na tafi gaisuwa, na bar ta wurin maƙwabciyata Talatu. Na dawo da la'asar, ina shiga gidan na tsaya cak. Ga Nusaiba a tsakiyar jikokin Talatu, sun kewaye faranti ɗaya na faten tsaki da rama, hannunta dumu-dumu har gwiwa, fate har a kunne, tana faɗa da wani a kan wa zai suɗe. Faten da in na yi a gidana, da mai da kifi, ko kallonsa ba ta yi.

Na ce, "Talatu, don Allah me kika saka a ciki?"

Ta ce, "Me kuwa? Ko manja babu. Gishiri ne da daddawa."

Na yi murna, na kuma ji haushi, a lokaci ɗaya. Ashe duk watannin nan ba girkina ta ƙi ba, zaman kaɗaici ta ƙi, da idona da na zuba mata.

Shi ke nan na ce na gano magani. Kullum in an sauke sai in aika ta gidan Talatu da kwanonmu a juye a haɗa. To sai ga maganar asibiti ta fito. Manyan yaran hannunsu da sauri, ita kuma sai ta hura, ta tauna, ta ba da labari, kafin ta kai loma ta gaba an kai ƙasan faranti. Ta dawo tana cewa ta ƙoshi, in taɓa cikin in ji shi a lafe. In na ware ta, ta ƙi ci. In na haɗa ta, a cinye a bar ta. Ma'aikaciya tana da gaskiya, iyayenmu da suka haɗa mu kwano ɗaya suna da gaskiya, ni ce a tsakiya da yarinya mai siririn wuya. Na rasa wanda zan bi.

Abin da ya fitar da mu ba dabarata ba ce. A cikin jikokin Talatu akwai Hafsatu, sa'arta, ita ma sarkin nawa ce wurin ci. Wata rana ta biyo Nusaiba gida, na zuba musu a kwano ɗaya don na gaji da wanki. Suka zauna suna surutu, wannan ta ɗiba, waccan ta ɗiba, ban ankara ba kwano ya yi fes. Daga nan wuya ya fara cikowa. Da muka koma asibiti igiyar ta tsaya a kan kore, na fito ina gaida mutanen da ban sani ba.

Da aka saka su a ajin ƙanana a firamaren garin nan, sai sabon rikici. Ina zuba mata alale ko ɗanwake a 'yar kula, ta dawo da ita wayam, ina ta yi wa Talatu alfahari. Amma ta dawo tana rigima, harshenta ja wur. Rannan na bi ta wajen makarantar daidai lokacin tara, na raɓe jikin darbejiya. Ta buɗe kula, ta dubi abincin, ta miƙa wa wata yarinya gaba ɗaya, ita kuma ta ba ta ragowar ƙanƙarar leda mai ja ta tsotsa. Hafsatu tana can wani benci ita kaɗai tana tsakurar nata.

Na sami malaminsu. Ya gaishe ni da ladabi, ya ce doka ce kowane yaro ya ci nasa a wurin zamansa, kada a saka hannu a kwanon wani, saboda tari da gudawa. To ni me zan ce? Shi ma gaskiyarsa. Na ce, "Malam, in na haɗo su da buta da sabulu fa?" Ya ce, "Inna, in na bar waɗannan biyun, sauran fa?" Na ce ban sani ba, ni dai jikata ba ta ci. Ya yi ajiyar zuciya, ya ce su riƙa zama a bakin ƙofa inda zai gan su. Ko na yi daidai, ko na karya wa bawan Allah doka ne a banza, oho. Harshen dai ya daina ja.

Yanzu ga Kabo. Kin nuna mini akwatin abincin da kika saya mata, mai ɗaki-ɗaki, da ɗan cokalinsa. Ya yi kyau ƙwarai, ni ma na shafa shi. Amma babu Hafsatu a ciki. Ki taka da ƙafarki ki ga malamarsu, kada ki aika. Ki tambaya wa ke zama kusa da ita, ko za a bar su su ci tare. Ki zuba abin da zai ishi biyu. In ta dawo kada ki ce "Kin cinye?", za ta ce e, kuma ba ƙarya ta yi ba, an cinye. Ki ce "Ke da wa kuka ci?" Sannan ki duba harshenta.

Abin da za ki zuba kuwa, na so in ce dambun zogale, wake da shinkafa, dankali da ƙuli, 'yar gwanda ko goba. Su ta saba da su, su suka tashe ta. Amma an ce mini yaran irin waɗannan makarantu taliyar leda da biskit suke zuwa da su, wai har dariya suke yi wa mai ɗumame. Ban sani ba ko gaskiya ne. In aka yi mata dariya ta rufe akwatin, zogalen bai yi amfani ba. In kika biye musu, mun koma gidan jiya. Nan kam ke kika yi karatu, ke za ki ga yaran da idonki, ni tunanina ya tsaya.

Saura gida. Maigidanki zai fita tun safe, gidan mai ƙofar ƙarfe ne, ba yara. Da wa za ta ci?

Da hutun da ya wuce an tafi da Hafsatu wurin uwarta. Na zuba wa ƙawata Nusaiba abinci ita kaɗai. Ta dubi kwanon, ta dube ni, ta jawo bakin zanina ta ce, "Inna, zo mu ci." Ni a tasowata babba ba ya haɗa hannu da yaro, ko a raina bai taɓa zuwa ba. Na waiga, babu kowa, na zauna. Na rage sauri, na riƙa tura mata kifin gefenta ba tare da na ce komai ba, tana ta ba ni labarin wata akuya. Ta ci fiye da yadda take ci da Hafsatu. Tun daga ranar, tuwon yamma tare muke ci.

To kin ji inda na dosa, kuma na san nauyinsa. Nusaiba 'yar farinki ce. Na ga yadda kike yi da ita, ba kya kiran sunanta a gaban mutane, in ta hau cinyarki sai ki zame ki ce ta je wurin Inna. Ni na koya miki. Haka na yi da ke, wurin Gwaggo kika ci kika sha, hannuna da naki ba su taɓa haɗuwa a kwano ba, aka yi ta yabona ana cewa Hajara akwai kunya. Ban ce kunya aibu ce ba, har yanzu kin ga ban iya rubuta sunanki ba. Amma ke kina da Gwaggo a gida ɗaya. Ita a Kabo ba ta da Gwaggo, ba ta da ni, ke kaɗai gare ta.

Ki shimfiɗa tabarma, ki zuba a kwano ɗaya, ki wanke hannunki da nata, ki zauna. Kada ki kalli bakinta. Ki bar ta ta yi surutunta, ki fi ta nawa. In Hajiya ta zo ziyara ta same ku a haka, wallahi ban san abin da za ki ce mata ba. Ki ce Inna ce ta sa ki, a zage ni a Gwarzo, na ɗauka.

Akwai magana ta ƙarshe, ita ce ta fi yi mini wuya. Tun da aka sa ranar nan, wata zuciyar take raɗa mini cewa da ma ta ƙi ci a Kabo, a dawo mini da ita. Ina istigfari, tana dawowa. Saboda haka ki saurara da kyau. Kwanakin farko za ta iya rufe baki, baƙunta ce. Zan kira ki, na san halina. Zan ce ku dawo da ita ta ƙara shekara, zan ce na yi mummunan mafarki, zan yi kuka. Kada ki biye mini. Ki ce "To Inna," ki kashe wayar, ki koma kan tabarma ki saka hannu. In kika ga wuyan ya fara sirancewa, asibiti za ki kai ta, ba Lakwaya ba.

Allah ya raya ta, ya sa wa cikinta albarka, ya ba ta abokiyar ci tagari a makaranta. Allah ya ba ki haƙurin da ya fi nawa, ya sanar da ke abin da ni na kasa ganewa. Allah ya kai ku Kabo lafiya, ya zaunar da ku lafiya, ya kare ku daga ciwo da sharrin baki.

Ranar Asabar ku zo da hantsi ku tafi da hantsi, kafin in ɗora tukunya. In na zuba muka zauna, ba zan iya ba ku ita ba.

Wassalam.

Innarki,
Hajara